Turbo Na Zubar da Mai: A Canja Sil Ko A Sauke Shi Gaba Ɗaya?

Wanda ya san Bangui ya san cewa cibiyar cinikinta tana Kilomita Biyar, unguwar da 'yan gari ke kira PK5, inda titin Koudoukou ya bi ta gaban babban masallaci. Duniya ta ji sunan masallacin ranar 30 ga Nuwamba 2015, lokacin da Paparoma Francis ya kai masa ziyara ana tsakiyar rikici. Mazauna unguwar kuwa sun san harabarsa a matsayin inda ake haɗuwa bayan la'asar a yi maganar kaya da hanya da mota. Kusan duk abin da ke shagunan nan a bayan mota ya zo: daga tashar ruwan Duwala ta Kamaru, ya tsallako iyaka a Garwa-Bulai da Beloko, ya biyo ta Bouar da Bossembélé da Boali, tafiyar da ta haura kilomita 1,400. Daga nan wasu motocin ke kwasarsa zuwa Sibut da Bambari da Kaga-Bandoro. Yawancinsu masu shan gazuwal ne, wato dizal, kuma da yawa da turbo suke aiki. Shi ya sa ranar da mota ta fara tashin shuɗin hayaƙi, ko aka zare tiyon iska aka ga baƙin mai kwance a ciki, maigida ke garzayawa gareji da tambaya ɗaya a bakinsa: "Malam, sil ne kawai, ko sai an sauke turbon?"

A ganina tambayar ta yi gaggawa. Kafin a yi zancen abin da za a saya, sai an san abin da ya sa man yake fita, domin sau da yawa turbon da ake zargi lafiyarsa ƙalau. Ruwa ba ya tsami banza. Idan aka ɗora sabon turbo a kan injin da ke da wata cutar, sabon ma zai zubar da mai cikin mako, kuɗi sun tafi, mota kuma tana nan inda take.

Yadda mai ke zama a cikin turbo

Turbo fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da injin ya fitar shi ke juya ta ɓangaren zafi, ita kuma ta juya ta ɓangaren sanyi, wadda ke cusa iska cikin injin da ƙarfi. Wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar dabarar a 1905, kuma har yau asalinta bai sauya ba. Gudun ne ya ƙaru: sandar turbon ƙaramar mota tana iya zagayawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke dukan fankar zafi kuma yana iya haura digiri 700. A irin wannan gudu da zafi babu robar da za ta rayu. Don haka abin da ke tsare mai a cikin turbo ba irin sil ɗin roba ba ne da muka saba gani a bakin giyabos ko karanshaf. Wani ɗan zoben ƙarfe ne, ƙanen ringin fistan, ɗaya a kowane gefe, kuma kowanne da 'yar tsaga a jikinsa. Babban aikinsa ma hana hayaƙi da iska kutsawa cikin gidan mai ne.

Mai yana shigowa ta sama, ta wani siririn bututu, da ƙarfin famfon injin. Ya shiga tsakanin sanda da bushin tagulla, sandar tana shawagi a kansa ba ta taɓa ƙarfe. Daga nan ya zubo ƙasa ta wani bututu mai faɗi ya koma kwanon mai. A wajen komawar nan babu famfon da ke tura shi, nauyinsa ne kawai ke gangarar da shi, kuma a kumfe yake fitowa. Abu biyu ke hana shi tsallake zoben: hanyar komawa a buɗe take, sannan matsin iskar da ke bayan fankokin ya fi na cikin gidan mai, yana tura shi ciki. Da ɗayan biyun ya samu matsala, mai zai bi ta tsagar zoben ya fita, ko da zoben jiya aka sa shi. Kamar lambatu ne da damina: idan shara ta toshe shi, ruwa zai shigo shago ta ƙarƙashin ƙofa, kuma sauya ƙofar ba zai tsayar da shi ba.

Wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin.

Binciken da ba ya cin ko sisi

A fara da waje. A wanke jikin turbo da kewayensa, a tada injin, a duba da tocila. Idan man yana tsattsafowa ne daga wajen notin bututun sama, washan jan ƙarfe guda biyu ne suka gaji. Idan daga ƙasa ne, gaskit ɗin bututun komawa ne ko tiyonsa ya tsage. Wannan gyaran rabin yini ne, kuma babu dalilin taɓa turbo.

Sai a zaro gejin mai. Direbobi da yawa suna ƙara mai fiye da alamar sama, wai don hanya tana da nisa. Idan mai ya cika har ya rufe bakin bututun komawa, wanda ke saukowa daga turbo ba shi da wurin zuba.

Bayan haka filtar iska. Wannan ita ce babbar cutar motocin da ke wuce Sibut, inda kwalta ke ƙarewa jar ƙasa ta karɓa, musamman daga Disamba zuwa Maris. Filta ta toshe, fankar sanyi tana neman iska ba ta samu, sai ta riƙa tsotso mai daga bayanta ta tura shi cikin tiyo. Haka nan idan tiyon iska ya fashe ko kilif ɗinsa ya saki: matsin da ke tare mai ya ragu, turbo kuma ya riƙa gudun wuce ƙa'ida don ya cike giɓin.

Sannan numfashin injin, wanda nan ne aka fi yin kuskure. Kusan kowane injin yana da ɗan tiyo da ke fitowa daga murfin kansa ya shiga bututun iska kafin turbo, don fitar da tururin da ke taruwa a cikinsa. Tururin nan yana ɗauke da ɗan mai, saboda haka ganin laimar mai a cikin tiyon iska ba alamar ciwo ba ce, kusan kowace motar dizal tana da shi. Abin tsoro shi ne mai ya taru har ya riƙa ɗiga. A duba daga ina ya fara. Idan akwai shi a bututun tun kafin a iso turbo, daga daidai inda tiyon numfashi ya haɗu, to daga injin yake zuwa, turbo wucewa kawai ya yi ta cikinsa. A bar injin ya yi zafi, yana silo, a kwance murfin zuba mai a ɗora shi a bakin ba tare da an murɗa ba. Idan yana ɗan rawa kawai, babu laifi. Idan hayaƙi na bugo shi sama da ƙarfi, ringin fistan sun cinye, hayaƙi yana gangarawa cikin kwanon mai yana danne man da ke son saukowa daga turbo. Wannan motar aikin injin take buƙata. Makanikin da ya ga haka ya kamata ya faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗi: "Alhaji, ko turbon kamfani aka sa, sai ya zubar. A fara da injin."

Akwai kuma wani gwaji da ke raba gardama a kan shuɗin hayaƙi. A kwance turbo daga bututun da ke kawo masa hayaƙi daga kan silinda, a leƙa. Idan bakin bututun a jiƙe yake da mai, man ya fito ne daga cikin injin, ta ringi ko ta sil ɗin bawul. Idan a bushe yake, baƙin toka kawai, amma bayan fankar zafi a jiƙe, to man daga gidan turbo yake fita.

Na ƙarshe shi ne bututun komawa kansa. A kwance shi a duba. Tsohon mai yana daskarewa a cikinsa ya zama gawayi, tiyon robar da ke jikinsa yana iya kumbura ta ciki alhali ta waje lafiya lau, kuma sau da yawa za a tarar da guntun gam ɗin gaskit da wani ya shafa a baya ya toshe rabin hanyar.

Kada a manta da halin direba. Motar da ke yini tana silo, a layin kwastan na Beloko ko a shingen PK12, ko a ƙofar ofis an kunna na'urar sanyaya ɗaki ana jiran maigida, turbonta ba ya samun matsin da zai tare mai. Za ta yi hayaƙi idan aka taka totur, ta daina bayan an yi 'yar tafiya. Wannan ba ciwo ba ne da ake kwance turbo dominsa.

Yatsa biyu a kan sanda

Idan duk waɗannan sun fita lafiya, sai a juya kan turbo. Injin a kashe, ya huce. A zare tiyon da ke shiga fankar sanyi, a kama notin tsakiya da yatsa biyu.

A fara juya shi. Ya kamata ya juya sumul, babu kamewa, babu ƙarar gogayya. Sai a motsa shi sama da ƙasa. Za a ji ɗan wasa, kuma wannan ne ke ruɗin mutane har su yanke wa turbo mai lafiya hukunci. Wasan gefe dole ne, domin gurbin da mai ke cikewa ne idan injin yana aiki. Sharaɗin kawai shi ne kada fuka-fukan fanka su taɓa bangon gidansu. Sai kuma a ja sandar waje a tura ta ciki. A nan kusan bai kamata yatsa ya ji komai ba. Littafin Toyota ya ba turbo samfurin CT26 iyakar milimita 0.13 a wasan gaba da baya, da milimita 0.18 a na gefe. Kowane samfuri da adadinsa, kuma agogon awo ne ke fitar da shi daidai, amma idan har kunne na jin ƙwas-ƙwas lokacin da ake ja da turawa, an wuce iyaka nesa.

A haska fuka-fukan da tocila. Gefensu ya kamata ya kasance da kaifi. Idan sun dakushe sun yi fari-fari, ƙura ce ta cinye su, ma'ana filta tana yoyo ko an yi ta busa ta da iskar kwamfireso har takardarta ta huje. Idan wani ya lanƙwashe ko ya gutsire, wani abu ne ya faɗa ciki. Idan akwai zanen gogayya a bangon gidan, fanka ta riga ta taɓa.

Daga abin da yatsa da ido suka gani ne hukunci ke fitowa, kuma hanyoyin uku ne, ba biyu ba.

Ta farko ita ce kayan gyara, 'yar leda mai ɗauke da zobba da bushi da farantin da ke tare wasan gaba da baya. Ita ce mafi araha. Tana da amfani ne kawai idan fankoki biyun lafiyarsu ƙalau, ba su taɓa bango ba, kuma sandar sumul take. Ina so in tsaya a nan, domin nan ne ake asarar kuɗi da sunan tattali. Zoben turbo ba ya gogar sanda yadda sil ɗin roba ke yi. Zaune yake a gidansa, sandar tana juyawa a cikinsa. Abin da ke cinye shi shi ne sandar da ta fara lilo saboda bushi ya mutu. Ke nan galibi turbon da zobensa ya lalace da gaske, bushinsa ya riga shi lalacewa. Sauya zobe kaɗai a bar tsohon bushi aikin banza ne. Idan an buɗe, a bi jikin sandar da farce: in farce ya kama wani zane, dattin mai ya karce ta. In ta yi shuɗi, ta taɓa gudu babu mai. A duba ramin da zoben ke zama a jikin sanda, da bakin gidan da yake dannawa. Idan ramin ya faɗaɗa ko bakin ya yi gargada, sabon zobe ba zai kama ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, a ajiye ledar gyara.

Wanda zai yi wannan aikin sai ya kiyaye abubuwa kaɗan waɗanda ba sa yafiya. Kafin a kwance, a yi alama a kan noti da fanka da sanda, don komai ya koma daidai inda yake, saboda a kamfani an daidaita nauyinsu tare. A yi wata alamar a kan gidajen uku, na fankoki biyu da na tsakiya, don bakin komawar mai ya ci gaba da kallon ƙasa. Notin fanka a turbo da yawa na hagu ne, wanda ya murɗa shi ta inda ya saba zai karya sanda. Kada a goge fankar sanyi da burushin ƙarfe, alminiyam ce. A yi aikin a kan tebur mai tsabta cikin ɗaki, ba a kan buhu a bakin titi ba, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa. Duk da haka, gaskiyar ita ce turbon ƙaramar mota yana buƙatar a ɗora shi a kan na'urar da ke juya shi da gudu tana auna karkarwarsa. Idan babu ita, gyaran hannu ya fi dacewa da manyan turbo na tirela, irin na Holset ko BorgWarner da ke kan manyan motocin hanyar Duwala, waɗanda gudunsu bai kai na ƙananan ba. A kan Hilux, ni ba na ba da shawararsa sai idan babu wata mafita.

Hanya ta biyu ita ce sauya cikin turbo gaba ɗaya, abin da masu sayar da kaya a nan ke kira katush. Gidan tsakiya ne da sanda da fankoki biyu da bushi da zobba, an haɗa su an daidaita nauyinsu tun daga inda aka ƙera. Ana cire tsohon a zura sabon tsakanin gidajen waje biyu na asali. Ga yawancin masu Hilux mai injin 2KD ko 1KD, wannan ce hanyar da ta fi hankali: kuɗinta bai kai na cikakken turbo ba, tana kawar da matsalar daidaita nauyi, kuma ƙaramar aba ce da ɗan'uwa zai iya saƙo ta cikin jaka daga Duwala ko Dubai, ko daga Ƙofar Ruwa a Kano. Sharaɗinta gidajen waje su kasance lafiya. A nemi lambar da ke kan farantin jikin turbo a saya da ita, kada a saya da sunan mota kawai, domin injin iri ɗaya yana iya zuwa da turbo daban-daban gwargwadon shekara da ƙasar da aka kai shi. Katush ɗin ma suna da daraja hawa-hawa. Araha ba ta ado. Wanda ya zo babu sunan kamfani, babu takardar awo a kwalinsa, a yi hattara da shi.

Hanya ta uku, cikakken turbo, tana zama dole idan fanka ta ci bangon gidanta, ko gidan zafi ya tsage, musamman kewayen 'yar ƙofar da ke rage hayaƙi, ko kuma fanka ta tarwatse. Haka nan turbo mai fuka-fukan ciki masu motsi, irin na injin 1KD, idan zoben da ke juya su ya cinye ko na'urar lantarkin da ke jansu ta mutu. Idan toka ce kawai ta kama su, wankewa na sakin su. Amma akwai wani ɗan noti da ke tsayar da hannunsu, wanda a kamfani aka saita, kada kowa ya taɓa shi.

Game da turbo na hannu, wanda aka ciro daga motar da aka yanka a Turai ko Dubai: yana iya zama na asali mai sauran rai, yana iya zama gawa da aka wanke da fetur. A yi masa gwajin yatsa biyun nan a gaban mai shago, a leƙa ramin shigar mai ko akwai gawayi, a kuma yi yarjejeniyar mayarwa a gaban shaida kafin kuɗi su fita. Wanda ya sayi sabo na asali, Garrett ko IHI ko na Toyota, ya fi kowa kwanciyar hankali idan aljihu zai ɗauka. Sai dai a Bangui ba kuɗi kaɗai ake lissafawa ba, har da jira. 'Yan kasuwar Kilomita Biyar ba su manta ƙarshen 2020 da farkon 2021 ba, lokacin da 'yan tawaye suka datse hanyar Kamaru, ɗaruruwan manyan motoci suka yi makonni a Garwa-Bulai. Mai motoci da yawa iri ɗaya, ajiye katush guda a sito ba almubazzaranci ba ne.

Idan turbo biyu ne

Land Cruiser 200 mai injin 1VD, wadda aka ƙera daga 2007 zuwa 2021 kuma ta cika titunan Bangui a hannun ƙungiyoyi da manyan 'yan kasuwa, turbo biyu gare ta, ɗaya a kowane gefe. Idan ɗaya ya mutu, ko dole a sauya duka? Ya danganta da abin da ya kashe shi. Idan abu ne da ya shafe shi shi kaɗai, kamar bututun mansa ya toshe ko wani noti ya faɗa masa, ɗan'uwansa kuma ya ci gwajin yatsa da tocila, a bar shi. Idan kuwa ƙura ce, ko gurɓataccen mai, ko tsufa, to mai ɗaya suka sha, iska ɗaya suka shaƙa, tafiya ɗaya suka yi. Na biyun yana kan hanya. Ga shi kuma wurin da suke a matse yake, kwancewar babban aiki ce, biyan ladarta sau biyu ya fi ciwo. A irin wannan hali a sauya su tare, kuma su zama iri ɗaya daga kamfani ɗaya, don kada gefe guda ya riƙa rinjayar ɗaya.

Ranar ɗaurawa

Turbo da yawa a ranar da aka ɗaura su ake kashe su. A sauya baƙin mai da filtarsa da filtar iska kafin a tada injin, da man da littafin motar ya faɗa, daga galan mai hatimi, ba na awo a kwalba ba. Siririn bututun da ke kawo mai a sa sabo, domin gawayin cikinsa ba ya wankuwa duka, kuma a wasu motocin akwai 'yar raga a cikin notinsa da ke toshewa. Mutane suna jin nauyin sayen wannan ɗan bututun bayan sun biya kuɗin turbo, amma wanda ya ƙi sharar masallaci zai yi ta kasuwa. Gaskit sabo, a bushe, babu gam ko kaɗan.

Intakula, wato lagireton da ke sanyaya iska, dole a sauke ta a zubar da man da ya taru a ciki, a wanke, a bar ta ta bushe sarai. Idan tsohuwar fanka ta farfashe, a tabbata babu ɓarɓashinta a cikin tiyo ko akwatin filta, in ba haka ba sabuwar za ta haɗiye su. Wannan wankin maganar rai ce. Injin dizal yana iya cin baƙin mai a matsayin makamashi. Idan man da ke kwance a intakula, ko wanda mataccen turbo ke kwararowa, ya shiga silinda da yawa, injin zai ɗauki gudu da kansa, farin hayaƙi ya turnuƙe, a kashe makulli ya ƙi mutuwa, har sai ya shanye mansa ko ya fashe. Idan haka ta faru da mota mai giyar hannu, a taka burki da ƙarfi, a sa giya mafi girma, a saki kuloci, injin zai shaƙe. In ba haka ba a toshe bakin shigar iska da katako ko wani abu mai tauri. Kada a sa tafin hannu, kada a sa tsumma. Idan ba a iya ko ɗaya ba, kowa ya yi nesa da motar. Saboda wannan haɗarin ne bai kamata a ce wa motar da turbonta ke kwarara mai "bari ta kai wannan lodin Bambari ta dawo tukuna" ba.

Kafin a ɗaura bututun sama, a ɗura mai mai tsabta a ramin turbo ana juya fanka da yatsa. Sai a hana injin tashi, a cire fiyus ɗin famfon gazuwal ko wayar da ke buɗe shi, a yi ta ba shi sitata na 'yan daƙiƙoƙi har fitilar mai ta mutu. Sannan a tada shi, a bar shi yana silo kamar minti biyar, babu taka totur, ana duba yoyo. Idan turbon mai shan ruwa ne, a cika lagireto a fitar da iska.

Abin da ya rage yana hannun direba. A hanyar ƙura a sauya mai duk kilomita 5,000. Filtar iska idan ta cika a sauya ta. Da safe a ba injin ɗan lokaci mai ya zagaya kafin a ɗora masa nauyi. Babban abin kuma shi ne kashewa. Direba ya taso daga Boali da gudu ranar Juma'a, ya iso Koudoukou ana shirin tada salla, ya murɗe makulli ya fice. A lokacin turbo yana tsananin zafi, mai ya tsaya cak a cikinsa ya soye, ya zama gawayin da zai ci bushi ya kama zobe. Littafin direba na Toyota ya ce bayan tafiyar cikin gari ba sai an jira ba, bayan gudun kilomita 100 a awa a bar injin yana silo kamar minti ɗaya, bayan hawan tudu mai tsanani kuma kamar minti biyu. Wanda ya sassauta gudu tun daga PK12 ya shigo gari a hankali, ya riga ya biya yawancin wannan jiran.

Bayan gyara mota za ta iya ci gaba da hayaƙi na ɗan lokaci, saboda tsohon man da ya kwanta a salansa sai ya ƙone. Wannan yana raguwa da tafiya. A yi tafiyar gwaji mai ɗan nisa babu kaya, a dawo a zare tiyon da ke fita daga turbo a duba, a sake auna mai a kan geji. Idan hayaƙin bai ragu ba ko mai ya sake taruwa, kada a yi saurin zargin mai shago. A koma kan murfin zuba mai da tiyon numfashi da bututun komawa, a sake gwada su ɗaya bayan ɗaya kafin a kwance noti ko guda daga jikin sabon turbon.